Na'urar lantarki mai "tada" shanyayye: wa ya ba ta izini, kuma izinin yin me?

Wani bidiyo ya daɗe yana yawo a WhatsApp. Bature ne da ƙafafunsa suka shanye bayan haɗari, likitoci suka dasa masa wayoyin lantarki a gadon baya, sai ga shi yana takawa da abin dogarawa. Duk sanda bidiyon ya sake zagayowa, gardama ta tashi a fadodin shayi na Damagaram. Wasu su ce haɗin kwamfuta ne. Wasu su ce gaskiya ne, kuma ai ƙanwar wannan na'urar ce ake sayarwa a kasuwar Dole, mai ƴan faifai da ake mannawa a fata, har da tambarin CE na Turai da na FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, a kwalinta. Ɗan kabu-kabun da ke kai ni aiki, wanda mahaifiyarsa ta kusa shekara ɓarin jikinta a shanye, ya jefo mini tambayar muna kan hanya: "Malam, in dai hukumar Amurka ta yarda da abin nan, don me ɗan kine ya ce kada mu saya?"

Bidiyon ba ƙarya ba ne. Irin aikin da ake yi ne a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, inda Grégoire Courtine da likitar tiyatar ƙwaƙwalwa Jocelyne Bloch suka ba da rahoto a 2018 kan mutum uku da suka sake takawa ta wannan hanya. Shi ma ɗan kine, wato ma'aikacin asibiti mai jinya da motsa jiki, bai yi ƙarya ba. Kalmar "yarda" ce ta rikita lissafin. Babu hukumar da ke yarda da na'ura ɗungurungum kamar yadda ake yarda da mutum. Magana ɗaya take sa wa hannu: wannan na'ura, ga wannan ciwo, ga irin wannan majinyaci, a hannun irin wannan ma'aikaci. In ɗaya cikin huɗun ya canza, sa hannun bai shafe shi ba, ko da kwalin na nan yadda yake.

Wutar da ke jiki tun asali

Masuntan tafkin Cadi ba sa bukatar dogon bayani, sun san minjirya. Ta sakar maka wuta, hannunka ya fizge ba da umarninka ba. Dalili shi ne jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka da ƴar ƙaramar wutar lantarki suke aiki. Ba jijiyar jini ake nufi a nan ba. Hausa ta haɗa su biyun a kalma ɗaya, kuma masu talla na jin daɗin wannan haɗin, shi ya sa za ka ji suna cewa na'urarsu tana "buɗe jijiyoyi", kowa ya fahimci abin da ransa ke so. In aka kawo wuta daga waje aka ɗora kan jijiyar motsi, tsoka ba ta tambayar daga ina saƙo ya fito, murɗewa kawai take yi.

Wani likitan Rumawa, Scribonius Largus, tun ƙarni na farko miladiyya ya rubuta a ɗora wa mai ciwon kai kifi mai wuta. A 1791 Luigi Galvani ya buga bincikensa kan ƙafar kwaɗo da ke harbawa in wuta ta taɓa jijiyarta. A riƙe wannan na kwaɗon da kyau, za mu bukace shi nan gaba: kwaɗon matacce ne, kuma ƙafarsa ta motsa.

Suna ɗaya, kaya iri-iri

Wadda ta fi cika kasuwa ita ce TENS, kuma don zogi aka yi ta, ba don motsi ba. Tushenta bayanin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka fitar a 1965, cewa saƙon taɓi na iya tare wa saƙon zafi hanya a cikin laka. Shi ya sa in ka buge gwiwa kake murza wurin. TENS murzawa ce da wuta. In an kashe ta, sauƙin kan tafi bayan ɗan lokaci.

Sai masu motsa tsoka, waɗanda ƴan kine ke aiki da su don kada tsokar da ta daɗe a kwance ta zube. A cikinsu akwai mai wayo da ake kira FES, wadda wutarta ke zuwa daidai sanda ake bukatar motsin. Wladimir Liberson ya fara gwada ta a 1961 ga masu shanyewar ɓarin jiki da ke jan ƙafa a ƙasa. Ya sa makunni a ƙarƙashin diddige: da an ɗaga diddigen, wuta ta taɓa jijiyar da ke gefen gwiwa, yatsun ƙafa su ɗago, da an taka, ta ɗauke. Mutum ya daina tuntuɓe. Kamar tabarau take, tana aiki muddin tana jiki.

Can ƙololuwa kuma akwai waɗanda ake dasawa da tiyata. Fitacciyarsu ita ce DBS: a huda ƙoƙon kai, a zura siririyar waya zuwa wani gurbi a tsakiyar ƙwaƙwalwa, a binne batir ƙarƙashin fatar ƙirji. Alim-Louis Benabid da Pierre Pollak suka faro ta a Gurenobul ta Faransa a 1987. FDA ta ba ta izini kan makyarkyata a 1997, kan cutar Fakinsan da ta yi nisa a 2002. Tana rage karkarwa da sandarewa, ba ta tsayar da cutar, kuma galibi ana ci gaba da shan magani. Tsakanin wannan da akwatin kasuwa babu abin da ya haɗa su sai kalmar "lantarki".

Abin da na gani a hannun Kawu

Kawuna tela ne a Zango. Ya dawo daga sallar asuba ya zauna zai sha kunu, kofin ya suɓuce, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Tansiyo ce, wato hawan jini, wadda ya yi shekaru yana shan maganinta in ya tuna. Kwana biyu aka yi ana tofi da hayaƙi kafin a kai shi asibiti, kuma ba ni da bakin zargin kowa, ina cikin waɗanda suka ce a dakata a gani.

Bayan an sallamo shi, wata maƙwabciya ta ba Inna labarin wani shago a cikin gari. Mai shagon da farar riga irin ta likitoci, gado biyu da labule a tsakani, jika biyu kowane zama. Ya jiƙa faifan roba da ruwa, ya ɗaure su ƙasa da gwiwar hannu ta ɓangaren tafi, ya murɗa maɓalli. Yatsun da suka yi sati biyar ba su motsa ba suka dunƙule, kamar ƙafar kwaɗon nan. Inna ta dafe ƙirji tana salati. Ya ce, "Hajiya, kun gani da idonku? Jijiyar ta fara buɗewa. Zama 30, Alhaji zai koma kan kekensa."

Zama 18 muka kai shi. Tsakani da Allah, Kawu ya samu sauƙi a lokacin: ya fara ɗaga kafaɗa, yana takawa zuwa zaure da sanda. Sai dai yatsun sun ƙanƙame kamar mai ɓoye goro, sai an ɓamɓare su kafin a wanke tafin. Ga kuma ƙuna biyu a fatar, kowace faɗin tsabar dala ashirin. Shi bai ji zafinsu ba, don fatar wurin ba ta ji sosai. Inna ce ta gan su wajen wanka.

Ranar da muka kai shi wurin wata ƴar kine, ta juya hannun ta duba, ta yi shiru. Abin da ya ɗaure mini kai, sai ta buɗe aljihun tebur ta fito da na'ura kusan irin ta mai shago. Ta fara gwada fatar da auduga da tsinke ta ga inda yake ji da inda ba ya ji. Sannan ta manna faifan a bayan hannun, kan tsokar da ke miƙe yatsu. Ta ce wadda ke dunƙule su dama ita ke rinjaye bayan irin wannan ciwo, ba ta wuta ƙara wa Barno dawaki ne. Ta ajiye kofin roba a gabansa. "Baba, in kun ji wutar ta zo, ku yi ƙoƙarin buɗe hannun da kanku ku ɗauki kofin nan. Ni taya ku kawai nake yi, aikin naku ne." Minti 20 na wuta, sauran sa'ar duk motsa jiki, ta kuma koya wa Inna yadda za ta riƙa miƙe masa yatsun a gida.

Na tambaye ta, to sauƙin da ya samu a shagon fa? Ta ce mafi yawan farfaɗowar da mai wannan ciwo zai yi, a watanni uku zuwa shida na farko yake yin ta, an sa na'ura ko ba a sa ba, don ƙwaƙwalwa ce ke neman sababbin hanyoyi. Duk wanda majinyaci ke hannunsa a wannan tsakanin shi ake yi wa godiya. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Ba kowace shanyewa wuta ke kamawa ba

Ɗauki ƙwaƙwalwa a matsayin tashar wuta, jijiya waya, tsoka fanka. In tasha ce ta ɗauke wuta, wayar gida na nan lafiya, ka jona janareta fanka ta juya. Haka abin yake ga shanyewar ɓarin jiki da yawancin raunin laka na wuya da saman baya. In kuwa wayar ce ta ƙone, janareta ba shi da hanyar da zai bi. Shan inna na kashe ƙwayoyin jijiyar motsi tun daga tushensu a laka. Allurar da aka yi wa yaro a mazaunai ta sami babbar jijiyar ƙafa, da kuturta da ke cin jijiyoyin hannu da ƙafa, su ma wayar suke lalatawa. Irin na'urar da ke ɗaga ƙafar Kawu ba za ta ɗaga ta waɗannan ba. Da ido kuwa duka "jan ƙafa" ne, sai wanda ya karanci abin zai rarrabe.

Yadda ake ba da izinin a inda ake ƙera su

Kafin 1976, mai na'ura a Amurka na iya kai ta kasuwa ba tare da ya nuna wa kowa hujjar amfaninta ba, sai an yi ɓarna hukuma ta bi shi, ihu bayan hari. Wata na'urar tazarar haihuwa mai suna Dalkon Shield da ta cutar da dubban mata na cikin abin da ya sa majalisarsu ta yi doka a shekarar. Dokar ta kasa kayan likita aji uku gwargwadon haɗarinsu. Bandeji na aji na 1, TENS da masu motsa tsoka na aji na 2, abin da ake dasawa a ƙwaƙwalwa na aji na 3.

Ƙofar aji na 3 ita ce mai tsauri, sai an gwada abin a jikin majinyata an kawo sakamako. Misalin da ya fi shafarmu shi ne Vivistim, wadda ake dasawa a ƙirji da wuya tana taɓa wata jijiya da ake kira bagus, aka ba ta izini a watan Agusta 2021 don hannun da ya daɗe a shanye bayan toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. An gwada ta kan mutum 108. Dukansu an yi musu tiyatar, dukansu sun yi sati shida na motsa jiki mai tsanani, amma kusan rabinsu ba a ba su wutar gaske ba, kuma ba su sani ba. Bayan kwana 90, kashi 47 cikin ɗari na waɗanda aka kunna wa sun samu sauƙi mai ma'ana, a ɗayan ɓangaren kashi 24. A duba lambobin nan sau biyu. Na'urar ta yi amfani, ta kusa ninka adadin. Amma fiye da rabin waɗanda aka kunna wa ba su kai wannan mizanin ba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu sun kai ba tare da ita ba. Wannan shi ake kira hujja, kuma babu mai hujja irin wannan da zai ce maka "zama 30 zai tashi".

Ƙofa ta biyu, wadda ake kira 510(k), ita yawancin ƙananan na'urori ke bi. A nan mai kaya zai nuna cewa tasa daidai take da wata da ke kasuwa tun da farko, kuma akasari ba a neman gwaji a jikin majinyata. A Amurkar ma ana sukar wannan ƙofa, don kama da wane ba ta wane.

Ta uku, De Novo, an buɗe ta a 1997 domin sabon abu marar magabaci wanda haɗarinsa bai yi yawa ba. Labarin wata na'ura mai suna PoNS ya fi kowane bayyana abin da nake son faɗa. Ƙaramin faifai ne da ake ɗorawa a kan harshe yana ba jijiyoyinsa wuta yayin da mutum ke atisayen tafiya. Kanada ta amince da ita a 2018 ga masu tangaɗi bayan buguwar kai. A watan Afrilu 2019 FDA ta ƙi amincewa da ita kan wannan ciwon, ta ce bayanan da aka kawo ba su rarrabe aikin na'urar da aikin motsa jikin da ake yi tare da ita ba. A watan Maris 2021 FDA ɗin dai ta ba ta izini, amma ga wani ciwo daban: matsalar tafiya ta masu cutar MS, inda garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, cutar da ta fi yawa a ƙasashen sanyi. Aka gindaya cewa na ɗan lokaci ne, ga mai shekara 22 zuwa sama, da takardar likita, kuma ƙari ce a kan atisayen da ƙwararre ke lura da shi. Aka sa irinta a aji na 2 da sharuɗɗan da duk mai son ƙera makamanciyarta zai cika. Na'ura ɗaya, an ƙi ta a nan, an karɓe ta a can. Wanda ya ɗauko ta ya ce "FDA ta yarda, tana maganin shanyewar ɓarin jiki", rabin maganarsa gaskiya ne, kuma rabin ne mai haɗari.

Ko aikin Lozan ɗin, abin da ke cikin bidiyon bincike ne, ba kayan sayarwa ba. Na'urar da ta samu izinin FDA daga wannan zuriya a watan Disamba 2024, ARC-EX, a bayan wuya ake manna ta, kuma don ƙarfin hannu da jin taɓi ne ga wasu masu raunin laka, ba don tafiya ba.

Turai tata hanyar daban. Kamfanoni masu zaman kansu da gwamnatoci suka tantance su ke duba na'ura kafin a buga mata CE. Bayan abin kunyar kamfanin PIP na Faransa a 2010, wanda ya cika robar dashen nono da silikon na masana'antu, an tsaurara da doka mai lamba 2017/745, wadda ta fara aiki gadan-gadan ranar 26 ga Mayu 2021.

Tambarin da ke kan kwali

CE na kan cajar waya, yana kan abin wasan yara. Ga kaya da yawa mai ƙerawa ne da kansa ke buga shi. Na'urar jinya mai ba jiki wuta kuwa dole CE ɗinta ya zo da lamba huɗu a gefe, lambar kamfanin da ya duba ta. In babu lambar, ko dai ba a matsayin kayan jinya ta fito ba, ko kuma tambarin ado ne. Dabarar da aka saba ke nan: a can masana'anta a rubuta "na'urar tausa", ta wuce cikin sauƙi, in ta sauka a nan, baki ya mayar da ita maganin shanyewa. Ungulu da kan zabo.

Haka "FDA registered". Ma'anarsa kamfani ya rubuta sunansa a rajistar hukumar, ba wai an duba kayansa ba, kuma FDA da kanta ta sanar cewa ba ta ba da takardar shaidar rajista. Takardar nan mai hoton mikiya da ake liƙawa a bangon shago ba daga wurinta ta fito ba. A 2002 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta kai masu belin lantarkin nan na rage teɓa kotu kan alƙawarin ƙarya. Irin belin har yau yana kan tebur a kasuwanninmu, ya dai canza suna.

To, a Nijar fa?

Shigo da waɗannan na'urori muke yi, kuma ta ƙofofi da yawa: odar asibitoci, kyautar ƙungiyoyi, kayan ƴan kasuwa daga Kano da Dubai da Sin, da jakar matafiyi. Ta Kano ita ce mafi kusa da mu, kuma a can NAFDAC ke rajistar kayan likita, sai dai lambarta izinin sayarwa ce a Najeriya. A gida, an kafa hukumar ANRP a ƴan shekarun nan don kula da magunguna da sauran kayan kiwon lafiya. Nijar na cikin ƙasashen farko da suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Hukumar Magunguna ta Afirka, wadda ta fara aiki ranar 5 ga Nuwamba 2021, mazauninta Kigali, kuma kayan aikin likita na cikin huruminta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari a 2017 don ƙasashe irin namu. Ba ta ce kowa ya gina ɗakin gwaji ba. Ta ce a fara da doka, a kasa kayan aji huɗu daga A zuwa D, a san masu shigo da su da abin da suka shigo da shi, a tsare iyaka, a hana tallan yaudara, a buɗe hanyar kai rahoto in na'ura ta cutar da wani, sannan a jingina da hukuncin manyan hukumomin waje. Jinginar nan hankali ce. Gwada ƙwaya aikin masanin sinadari ne, gwada na'ura na injiniya, kuma kowanne kuɗi ne. Amma takarda kawai jinginar ke kawo mana. Sauran sharuɗɗan uku, wane ciwo, wane majinyaci, hannun wa, ba sa shiga kwantena. Jami'in duwan a kan iyaka zai iya duba kwali, ba zai ji abin da za a faɗa wa Inna a bayan labule ba. Ƙunar Kawu ma ba ta shiga littafin kowa ba; bai zo mana a rai cewa abin kai rahoto ba ne.

Kyauta ma na da nata. Faifan mannawa na ƙarewa, danƙonsu na bushewa a zafin watan Afrilu, busasshen faifai kuwa na tara wuta a wuri guda, daga nan ƙuna ke fitowa. Wata na'urar an yi ta don wutar 110, tamu 220 ce.

Masu hali da ke fita waje a dasa musu DBS, tasu matsalar bayan dawowa take farawa. Ana bukatar a riƙa daidaita wutar da na'urar kamfanin da ya ƙera ta. Batirin da ba a caji kan yi shekara uku zuwa biyar, sannan a sake tiyata. Akwai na'urar gashi mai ɗumama tsoka daga ciki wadda aka haramta wa mai DBS, don tana iya ƙona ƙwaƙwalwa ta kan wayar, kuma hoton MRI ma sai da sharuɗɗa. Kamfani kansa na iya durƙushewa: Second Sight ya daina ƙera idon lantarkinsa Argus II a 2019, ya bar makafi fiye da 350 da na'ura a ido. Yamai na da nisan kusan kilomita 900 daga nan, balle Indiya. Wanda zai sayar da gona ya tafi, ya fara tambayar wa zai riƙe shi in ya dawo.

Masu cewa a matse da masu cewa a sassauta

Masu cewa a sassauta suna da hujjar da ba ta rainuwa. Ƴan kine kaɗan ne, kuma a birane suke. Tsohuwar da ke wani ƙauyen Tanut ko Gure ba za ta zo Damagaram sau uku a sati ba. In aka cika takardu da kuɗin rajista, mai shigo da kaya na gaskiya zai janye, na bayan fage ya ci kasuwa, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Suna kuma tuna mana cewa a Amurkar ma ana sayar da TENS ta zogi ba da takardar likita ba.

Masu cewa a matse su kuma ba ƙuna ce babbar damuwarsu ba, ƙuna na warkewa. Watannin farko suke ji, waɗanda in sun wuce a kan gadon shago ba sa dawowa, da kuɗin da ya kamata a sayi maganin tansiyo da shi, da mutanen da ke ajiye maganin don "jijiya ta buɗe", ciwon ya sake bugun su.

Ni dai ban ga amfanin farautar ƙaramin akwati ba. Bakin mai talla da hannun mai murɗa maɓalli su ne abin kamawa. Wanda ya ce a rediyo na'urarsa na warkar da shanyewa, a ce ya kawo takardar da ta faɗi haka, ciwo da sunansa. Ba wuya ba ne, sauraren rediyo kawai ake bukata. Wanda ya buɗe shago yana karɓar jika biyu daga shanyayyu, aikin kine yake yi, a nemi shaidar karatunsa kamar yadda ake neman ta mai farmasi. Su kuma na ƙauye, ɗan kine ya duba majinyaci sau ɗaya, ya zana inda za a manna da alƙalami a fata, ya koya wa ɗan gida, a dawo masa duk wata. Wannan ya fi hani, ya kuma fi sakaci.

In akwatin ya riga ya shigo gida

Ba a sa wa mai na'urar bugun zuciya. Ba a mannawa a maƙogwaro, ko a kai, ko faifai ɗaya a ƙirji ɗaya a baya yadda wuta za ta ratsa zuciya, ko a cikin mai juna biyu, ko kan miki, ko ƙafar da ta kumbura farat ɗaya, don ƙila gudan jini ne. Mai farfaɗiya sai da izinin likita. Fatar da ba ta ji, kamar ta Kawu ko ƙafar mai ciwon suga, ita ta fi saurin ƙonewa, don mai ita ba zai ce a rage ba. Kuma ranar da baki ya karkace ko hannu ya saki, ba ranar na'ura ba ce, ranar asibiti ce a cikin sa'ar. A inda ake da allurar narkar da gudan jini ma, awa huɗu da rabi ne wa'adinta, kuma sai an ɗauki hoton kai.

Ɗan kabu-kabun nan ashe ya riga ya saya kafin ya tambaye ni. Washegari ya zo da kwalin a cikin leda, muka tsaya gindin bedi muka buɗe. CE na nan, babu lamba a gefensa. Ƴar takardar ciki da Ingilishi da rubutun Sin, na karanta masa layi-layi: gajiyar tsoka, ciwon kafaɗa, ciwon kugu. Babu inda aka ambaci shanyewa, sai ma gargaɗi a ƙasa cewa kada a sa a inda fata ba ta ji. Ya mayar, mai kantin ya ce an buɗe kwali, ba ya karɓa. Tsohuwar yanzu ranar Litinin da Alhamis yake kai ta wurin ɗan kine, ƙanwarsa na riƙe da ita a bayan babur. Akwatin kuwa shi yake manna wa kugunsa da dare in ya tashi daga aiki.